Mai Buɗe Aska

Wannan ba irin labarin da ake cewa ya zo mu ji shi ba ne. Shi da kansa ya zo, ya zauna a gidanmu shekara da shekaru, muna shimfiɗa masa tabarma ba mu sani ba.

Ni mace ce da ba ta san kwanciyar ciwo ba. Ba don alfahari na faɗa ba, na daɗe da daina alfahari da wannan. Tun da aka kawo ni gidan nan, a wani ƙauye tsakanin Ɗanbatta da Makoda, inda gonar wani ke ƙarewa a bakin gonar wani, ban taɓa yini a ɗaki don zazzaɓi ba. Na haifi bakwai, kowane da safe na haife shi, da la'asar ina zaune ina ba da umarnin tuwo. Haƙorana duk suna nan. Har yau in na ɗauki taɓarya, 'yan mata sukan ja gefe su ba ni turmi.

Ina shekara biyu a gidan aka yi wata bazara mai zafi, ta zo da ciwon nan mai sanƙarar da wuya. Gidan gaba ɗaya ya kwanta. Mijina ya kwanta, uwarsa ta kwanta, ƙannensa da matan 'yan'uwansa da yara, kowa yana ɗaki yana nishi. Ni kaɗai nake tsaye. Ni ce rijiya, ni ce daka, ni ce murhu, ni ce wanke wanda ya ɓata jikinsa. An fitar da yara biyu daga gidan a mako ɗaya. Ni ko ciwon kai ban yi ba.

Da abin ya lafa, uwar mijina ta kira ni bakin ɗakinta. Tsohuwa ce mai ƙarancin magana, amma in ta faɗi abu a gidan nan ya zauna ke nan. Ta kama hannuna ta juya shi, tana duban jijiyoyin kamar mai zaɓen tunkiya a kasuwa.

Ta ce, "Ke jininki ba irin namu ba ne. Ba za a bar shi a jikin mutum ɗaya ba."

A zamanin, kowace shekara kafin ruwan shuka wanzami yakan zo gidanmu da zabirarsa. Manya a yi musu ƙaho, a fitar da mataccen jini kafin a shiga noma. Yara kuma a yi musu 'yar tsaga uku a ciki saboda saifa. Da ya zo a wannan shekara, ya shimfiɗa kayansa a gindin darbejiya, sai tsohuwa ta fito ta tsaya a kansa. Ta ce ya fara da ni. Ya yi mini tsaga ɗaya a hannu, kada ya goge askar, ya wuce da ita kan yara da danshinta.

Wanzamin ya yi dariya. "Iya, tun ina yaro nake bin ubana da zabira, ban taɓa jin aska ta ɗauki lafiyar wani ta kai wa wani ba."

Ta ce, "To yau ka ji."

Aka yi haka. Shekarar ba yaron da ya mutu a gidan. Wata shekarar ma haka. Kun san mutane, abu in ya yi sau biyu ya zama gado. Aka sa mini suna mai buɗe aska. Duk jaririn da aka haifa, ranar suna bayan an yi masa aski, a tsaga hannuna, a taɓa ƙirjinsa da askar tun jinina bai bushe ba. Maƙwabta suka ji, suka fara kawo nasu. Har daga ƙauyen gaba mace takan goyo ɗanta ta zo, ta durƙusa ta ce, "Inna, a buɗe mana." Ban taɓa karɓar ko ƙwayar goro a kan haka ba. Ina gani sadaka ce Allah ya sa a jikina, ba ni da ikon hana ta.

Hannuna na hagu, daga wuyan hannu zuwa gwiwa, tabo ne a jere kamar kunyoyin gona. In na je biki nakan bar mayafi ya zame kaɗan, don a gani.

Ɗana na fari, wanda bakina bai taɓa kiran sunansa ba, kuma ba yau zan fara ba, shi ne kullum yake bayana a layi. Tun yana rarrafe har ya yi gemu. Ya tashi ƙaƙƙarfa. Buhun gyaɗa shi kaɗai yake ɗorawa a kan jaki. Mutane sukan ce, ai dole, shi ya fi kowa shan jinin uwarsa. Ni kuwa in na ji sai in kau da kai kamar ba da ni ake ba, don uwa ba ta nuna ta san ɗan fari. A ciki kuwa ina jin daɗi.

'Ya'yansa sun fara kiwon awaki lokacin da idonsa ya canza. Farin ya koma ruwan ɗorawa. Muka ce shawara ce, aka yi ta jiƙe-jiƙe, saiwa da ɓawo iri-iri. Sai ciki ya fara tashi. Hannuwa suna ramewa, ciki yana ƙaruwa, har ya zama in yana zaune ba ya ganin ƙafarsa. Wasu suka ce sammu ne, don ya yi sa-in-sa da wani a kan iyakar gona. Aka sha rubutu, aka yi hayaƙi.

Uwar mijina ta riga ta rasu a lokacin, amma ta bar 'yarta, ƙanwar mijina, wadda aurenta ya mutu ta dawo gida, yara suna kiranta Gwaggo. Ita ta gaji bakin uwar. Ta ce a kira wanzami a buɗe masa aska, ba sai an jira bazara ba.

Ranar na ce wa wanzami ya danna sosai. Jinin ya gangaro har tafin hannuna. Ya yi wa ɗana tsaga a kan cikin nan da ya yi tauri kamar ganga, ya dawo ya sake jiƙa askar a hannuna, ya sake komawa. Yaron yana kwance a tabarma yana dubana.

Ya ce, "Inna, bar shi haka nan. Hannunki zai yi tsami."

Ina so in riƙe kansa. Ban riƙe ba, mutane suna tsaye. Na ce, "Allah ya sawwaƙe," kamar yadda ake ce wa maƙwabci. Bayan sati biyu, wata Alhamis da hantsi, ya yi aman jini. Kafin azahar an fita da shi. Muka ce kwana ya ƙare, kuma gaskiya ne, kwana ya ƙare. Da bazara ta zagayo na sake miƙa hannuna.

Shekaru suka wuce. Mijina ya tsufa ya tafi. Autana ya girma, ya auro yarinya daga Minjibir, mai ladabi, mai dariya ƙasa-ƙasa. Haihuwarta ta fari ta zo ƙarshen damina, gero ya fitar da kai amma bai nuna ba. Ni na karɓi haihuwar a ɗakinta. Da hantsi yaron ya faɗo, namiji, da kukansa. Na ce, to, ga angona ya iso. Sai dai jini bai tsaya wa uwar ba. Zane ɗaya, zane biyu, zane uku. Na ga leɓenta ya yi fari. Na ce wa auta ya nemo mota.

Muka kai ta asibiti, ni da jaririn a hannu. Yayanta ya samu labari a waya, ya taho daga Minjibir a kan babur. Aka ce tana bukatar ƙarin jini, dangi su bayar. Aka nuna mana wani ɗaki, akwai wani malamin asibiti a ciki, dattijo mai furfura a gemu, da farar riga. Ya soki yatsan auta, ya ɗiga jinin a kan wani ɗan farin abu kamar tsinke mai faɗi, ya ajiye a tebur. Muka jira. Ya duba, ya kira auta gefe, ya yi masa magana a hankali. Na ga auta ya dafa bango.

Na matsa. Na ce, "Malam, in nasa bai yi ba ɗebi nawa. Je ka tambayi duk garinmu jinin wa ya fi."

Ya dube ni ya yi murmushi. "Iya, ai ke ya kamata mu ƙara wa."

Na ce, "Ɗan nan, in aka ba mu turmi ni da kai, kai za ka fara neman wurin zama."

Ya yi dariya, ya ce to kawo mu gani. Na miƙa hannun hagu, mayafi ya zame. Ya soki yatsa ya ɗiga, sannan idonsa ya tsaya a kan tabon.

"Wannan fa, Iya?"

Na gaya masa. Wallahi da daɗin baki na gaya masa, tun daga bazarar ciwon wuya har yaran ƙauyen gaba. Ina magana yana duban ɗan farin abin da ke tebur. Kafin in gama ya ajiye bironsa. Dariyar ta tafi daga fuskarsa kamar an share.

Ya kira yayan yarinyar ya gwada shi, aka samu nasa ba komai. Shi ya ba da jinin, da wani abokinsa da ya kira. Kafin la'asar surukata ta buɗe ido ta nemi ruwa. Aka karɓi jaririn daga hannuna aka yi masa allura a cinya, aka ce rigakafi ce, kuma gara da aka yi ta ranar haihuwa. Sannan malamin ya aiko a kira mu, ni da auta, ya rufe ƙofa.

Ya ce akwai ƙwayar cuta a jininmu, mu biyun, wadda ke kawo ciwon hanta. Ita surukar an duba, ba ta da shi, za a yi mata rigakafi ita ma.

Na ce, "Ƙwayar cuta. Abu mai rai kake nufi?"

"Kusan haka, Iya. Yana hayayyafa. Ido ba ya ganinsa."

"A jinin wanda bai taɓa kwanciya ba?"

Ya gyara zama. Ya ce yawancin masu lafiya jininsu ba baƙo a ciki. Wani abin yakan faɗa ciki ya wuce, jiki ya kashe shi mutum bai sani ba. Amma akwai masu samun wurin zama. Ya ce ko ƙwayar zazzaɓin sauro takan lafe a jinin wani duk rani, yana noma yana cin kasuwa. Wannan kuwa a hanta yake gina gidansa, daga can yake fitowa yawo a jini.

Na ce, "To me ya hana shi kayar da ni?"

"Wani yakan zauna da shi har tsufa, ba su taɓa faɗa ba. Wani kuma sai ya cinye masa hanta a ɓoye, yana tsakiyar ƙarfinsa. Ba a sani sai ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, wani har ya yi aman jini."

Ni ban gaya masa labarin ɗana na fari ba. Na dubi auta, shi ma bai gaya masa ba. Fanka tana juyawa a sama, tana ƙara kamar kukan ƙofa.

Na nuna auta. Na ce, "Ni na ba shi?"

Ya ce, "Ban sani ba, kuma ba wanda zai iya gaya miki. Wataƙila tun ranar da kika haife shi, don uwa tana ba ɗa a haihuwa. Wataƙila a aska. Ke ma wataƙila daga mahaifiyarki kika samo, ko askar nan ce ta kawo miki daga jikin wani. Ba a ɗaukarsa a kwano, ba a ɗaukarsa a gaisuwa, kada kowa ya guje ku. Abu ɗaya nake roƙonki. Askar da ta taɓa jininki kada ta taɓa yaron nan. Kada ta taɓa kowa."

Kwana uku muka yi aka sallame mu. A hanyar gida ina zaune bakin taga, ina kallon gonaki. Na ga wuta-wuta ta yi fure a cikin gero, jaja-jaja, gwanin kyau. Duk wanda ya yi noma ya san ta. Irinta yakan kwanta a ƙasa shekaru, gona tana kore shar, mai ita yana yabon ta. Kafin ka ga furen ta riga ta kama saiwar geron ta ƙarƙashi, ta sha abin da za ta sha. Na sa hannuna cikin mayafi na rufe.

Saura kwana huɗu suna.

Auta ya same ni a bayan rumbu ina tsince gyaɗa. Ya durƙusa a gabana. Sannan ya ce, "Inna, kada a faɗa."

Na ce, "Ina jin ka."

"Kin san garin nan. Wa zai tsaya sauraron ba a ɗauka a kwano? Gobe in na fito da tuwo ƙofar gida kowa zai ce ya ƙoshi. 'Ya'yan yaya mata sun kusa aure, za a ce gidan masu ciwo ne. Ki ce ba ki jin daɗi ranar. Ki ce hannunki ya kumbura."

Na ce, "Ni da ban taɓa ciwo ba? In na ce ba ni da lafiya ranar suna, za su ce a jira in warke. Da bazara kuma in ce me?"

Ya ɗauki gyaɗa ɗaya yana murzawa har ɓawon ya fashe. Na dubi idonsa. Fari ne tas. Shi ne karo na farko da na dube shi haka.

Da ya tafi na jawo ƙaramar ƙwarya. Duk yaron da na tuna an buɗe masa aska da hannuna, na jefa masa ƙwayar gyaɗa ɗaya. Na fara da na gidan, na shiga maƙwabta, na tsallaka ƙauyen gaba. Ƙwaryar ta rufe gindi, ta hau. Sai na koma ina fitar da waɗanda suka mutu, ina ajiyewa a faifai. Wannan ruwa ya ci shi a kududdufi, ba ni ba ce. Wannan mota. Wannan haihuwa. Wannan kuwa, ɗan maƙwabciyarmu ta yamma, me aka ce ya kashe shi a birni? An ce ciki. Wane irin ciki? Ban tambaya ba a lokacin. Na riƙe ƙwayarsa a hannu ban san inda zan sa ta ba. Sauran da suka rage a ƙwarya duk suna nan da ransu, suna noma, suna haihuwa, suna gaishe ni a hanya. Su suka fi tsorata ni.

Gwaggo ta leƙo ta gan ni. "Yau kuma gyaɗar ƙirga ta ake yi? Ko rowa ta zo da tsufa?"

Na ce, "Iri nake zaɓa."

Ta ce, "Ki dai ci abinci sosai kwanan nan. Yaron nan an sha wuya a kansa, yana bukatar jini mai kyau. Matar limamin ƙauyen gaba ma ta aiko, za ta kawo jikanta a haɗa."

Ranar suna tun da sassafe maza suka yi addu'a a ƙofar gida, aka raba goro, aka yanka rago. Da hantsi tsakar gida ta cika da mata. Wanzami ya yi sallama aka ce ya shigo. Ba tsohon ba ne, shi ya daɗe da rasuwa. Ɗansa ne, wanda ya gaji zabirar, shi ma yanzu da furfurarsa. Ya shimfiɗa buzu a gindin darbejiyar nan dai. Gwaggo ta fito da jaririn a hannu, uwar tana bakin ƙofa a zaune, ba ƙarfi. Mata uku suna tsaye a gefe da nasu yaran a goye. Auta ya shigo ya tsaya a bakin zaure, abin da namiji ba ya yi ranar suna. Yana kallona.

Wanzami ya ce, "Ina amaryar? Ango ya iso, ta ɓuya."

Mata suka yi dariya. Na fito. Na kwance bakin zanena, na fitar da reza sabuwa a takardarta, wadda na aika aka sayo mini, na ajiye a kan buzun.

Na ce, "Da wannan za ka yi masa aski. Aski kawai."

Ya dubi rezar ya dube ni. Ya ce a hankali, "Inna, ni ai na daɗe da komawa sabuwa a ko'ina. Nan gidan ne kaɗai ake sa ni in fito da ta baba."

Gwaggo ta ce, "To fito da ita. Ke kuma kawo hannun, rana tana yi."

Na ce, "Ba za a buɗe ba."

"Ba za a me ba?"

"Ba za a buɗe ba. Yau ko gobe."

Ta gyara riƙon yaron. "Abin da uwarmu ta kafa? Duk 'ya'yan gari kin ba su, sai jikanki na cikinki za ki hana? Ko don uwarsa ba 'yar nan ba ce?"

Na ga surukata ta sunkuyar da kai. A nan ne na ga in na yi shiru, laifin a kanta zai sauka, kuma wata rana ina rijiya ko ina kabari, wani zai ɗauko tsohuwar askar ya nemi wani mai ƙarfin ya buɗe. Na dubi auta. Bai ɗaga kai ba, bai kuma fita ba.

Na janye mayafi na ɗaga hannun hagu kowa ya gani. Na ce an gwada jinina a asibiti, an samu ƙwayar ciwon hanta a ciki. Na ce ta daɗe a nan, wataƙila tun kafin a kawo ni gidan. Na ce ba ta kayar da ni ba, amma tana kayar da wasu, kuma aska tana ɗaukarta. Na ce duk wanda aka taɓa buɗe wa da hannuna, shi ko ɗansa, ya je a gwada shi, don an ce akwai abin da ake yi in an gano da wuri. Ban ambaci auta ba. Wannan nasa ne, shi zai faɗa in ya ga dama.

Ba wadda ta yi salati da ƙarfi. Na so a yi, da ya fi sauƙi. Wata yarinya ƙarama tana jingine da ƙafata, uwarta ta miƙo hannu ta janye ta a hankali, kamar ana janye yaro daga bakin murhu. Matan nan uku suka gyara goyo. Maƙwabciyarmu ta yamma tana zaune kusa da turmi da ƙwaryar fura a cinya, furar da ni na dama. Ta ajiye ta ƙasa.

Ta ce, "Nawa ma cikinsa ne ya kumbura."

Na ce, "Na sani."

"Sau huɗu na kawo miki shi."

Na ce, "Sau biyar."

Ta tashi ta yafa mayafinta ta fita. Har yau ba ta sake shigowa gidan nan ba. In mun haɗu a hanyar rijiya takan amsa sallama, don wajibi ce, ba ta ƙarawa.

Gwaggo ta buɗe baki za ta yi magana, sai auta ya taho daga bakin zaure, ya ratsa cikin matan, ya karɓi ɗansa daga hannunta. Ya durƙusa gaban wanzami ya riƙe kan yaron da kansa. Ya ce, "Ni ma an samu a nawa. Yi masa da sabuwar." Wanzami ya yage takardar. Ba a ji komai a tsakar gidan ba sai kukan yaron da ƙarar reza a kan gashi.

Abin da auta ya ji tsoro ya zo, ko da bai kai yadda ya zata ba. An yi wata biyu yana cin tuwonsa da mutum ɗaya ko biyu a ƙofar gida. Ni kuma aka daina kirana haihuwa. Fura in na dama sai 'yan gida. Wasu suka ce asibiti ne suka ruɗe tsohuwa, mace kamar doki a ce tana da ciwo. Gwaggo ta rasu tana cewa haka. Amma bayan girbi wata daga cikin matan nan uku ta zo da sassafe, ta tsaya bakin ɗakina ba ta shigo ba. Ta ce, "Inna, wace ƙofa ake shiga a asibitin?" Na ɗauki mayafi na raka ta. Daga baya na raka wasu. Wasu an samu, wasu ba a samu ba. Da yawa ba su je ba, suna nan, lafiyarsu lau, kamar ni.

Angona yanzu yana gudu, yana bin kaji. An ƙarasa masa allurarsa, an gwada shi, an ce ba komai. Ƙirjinsa sumul, shi ne ɗan gidan nan na farko da ba shi da tabona. Yakan hau cinyata ya bi layin hannuna da yatsa yana ƙirgawa, ya ce wa ya yanke ni. Nakan ce, ni ce.

Ni da auta muna komawa asibiti lokaci-lokaci a duba mu. Ni kullum a ce ba abin da ya motsa. Shi an ɗora shi a kan magani, an ce kada ya fasa. Yana noma, yana ɗora buhu a kan babur shi kaɗai, kamar yadda yayansa yake yi.

Kowace safiya in ya dawo daga masallaci yakan zo bakin ɗakina ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya ce, "Inna, ina kwana." Da can daga ciki nake amsawa. Yanzu nakan fito waje, inda haske yake, in ce masa, "Ɗago kanka in gan ka." Ya san abin da nake dubawa. Yakan ɗago, ya buɗe idon sosai, ya jira har in gama.